Gardamarmu da Yaya kan badaƙalar 'yan siyasa

Laraba, da dare.

Tun da sassafe Yaya ya kira ni, wai in kunna rediyo in ji badaƙalar da aka bankaɗo wa wata jam'iyya. "Shi ke nan, tata ta ƙare," in ji shi. Na ce, "Yaya, a bi dai a hankali, ba kowace badaƙala ce ke kayar da jam'iyya ba." Ya ce in kawo hujja. Haka na wuni maganar tana cina, ko aikin kirki ban yi ba.

Shi hujjarsa Watergate, badaƙalar leƙen asirin 'yan adawa da ta ci shugaban Amurka Richard Nixon. Nixon ya yi murabus a Agustan 1974, bayan wata uku 'yan jam'iyyarsa ta Republican suka sha mummunan kaye a zaɓen majalisa. Ban musa ba. Amma ai a Amurkar nan aka yi ta cece-kuce kan alaƙar shugaba Bill Clinton da wata ma'aikaciyar fadarsa, Monica Lewinsky, a 1998, kuma a zaɓen Nuwamban shekarar jam'iyyarsa ƙarin kujeru 5 ta samu a majalisar wakilai. Tattalin arziki na tafiya lafiya, mutane suka ce wannan tsakaninsa da matarsa.

Ta Birtaniya ce ta fi tsaya min a rai. Firaminista Boris Johnson na jam'iyyar Conservative ya lashe zaɓen 2019 da kujeru 365. Sai aka gano ana ta shagali a ofishin firaminista lokacin kullen korona, alhali an hana mutane zuwa duba iyayensu a asibiti, wasu ko jana'iza ba su samu halarta ba. A 2022 'yan sanda suka ci shi tarar fam 50. Kuɗin ba komai ba ne, amma wanda ya yi bankwana da mahaifiyarsa ta waya ba zai manta ba. Liz Truss ta gaje shi, kwana 49 kacal, tsarin harajinta ya rikita kasuwa, kuɗin ruwan bashin gida ya yi sama. Zaɓen 2024, kujerun Conservative suka dawo 121.

Da yamma na tura wa Yaya duk wannan ta WhatsApp. Ya ce, "To, ita wannan ta yau fa?" Na tambaye shi ko ta taɓa aljihunsa, ko ta taɓa wani nasa. Na ga ya karanta. Har yanzu shiru.