Shekarar da na daina ƙona kara

Na daɗe ina share gona ƙal bayan girbi, in tara kara in cinna masa wuta. Ruwan da ke fita daga ƙasan gonar ne ya sa na daina: duk aka yi ruwa mai ƙarfi sai ka gan shi ja wur, ya kwashi ƙasar sama ya nufi rafi. Sai na bar karan a gona, na rage huɗa, na ƙyale ciyawa ta yi layi a bakin gangare.

Shekarar farko na sha kunya. Masara ko gwiwa ba ta kai ba ganyenta na ƙasa ya soma yin rawaya, har na ɗauka cuta ce. Ashe karan da na birne ne. A karan masara, kabon (sinadarin da ke gina jikin karan) ya ninka naitirojin (sinadarin da ke sa ganye ya yi kore) wajen sau 60, su kuwa ƙananan halittun da ke ruɓar da shi abincinsu bai kamata ya wuce ninki 24 ba. Abin da suka rasa a kara sai su ara daga ƙasa, shuka ta zauna da yunwa. Suna biyan bashin idan sun mutu, amma ba a lokacin da kake matse ba. Daga nan na koma shimfiɗa karan a sama, ban ƙara birne shi ba.

Da shekara ta zagayo na sa wake a rabin gonar. Na tuge guda, na fasa ƙullutun da ke jikin saiwarsa da farce, cikinsa ja-ja. Alama ke nan ƙwayoyin da ke ciki suna kamo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin ɗari nata shi ne. Sai dai kada a ruɗe ka: in ka kwashe 'ya'ya ka kwashe harawa, ɗan abin da ya rage wa ƙasa bai taka kara ya karya ba.

Yuriya ma na canza mata hannu. Kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, kuma in aka watsa ta a sarari wani kaso iska ke tafiya da shi. Yanzu rabawa nake yi biyu, in tona in rufe. Rarar da shuka ba ta sha ba takan zama naitiret, wani nau'in naitirojin mai narkewa a ruwa, ruwa ya tsiyaye da shi har rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin litar ruwan sha, saboda jarirai.

Kabon kuwa, wanda ruɓaɓɓen kara ke bar wa ƙasa har ta riƙe kanta, a hankali yake taruwa. Sai a shekara ta huɗu na ɗauko busasshen dunƙulen ƙasa daga inda nake barin kara, da wani daga gefen da ake huɗawa har yanzu, na jefa kowanne cikin kofin ruwa. Na gefen huɗa ya narke nan take, ruwan ya gurɓace. Ɗayan ya zauna a dunƙule yana fitar da 'yan kumfa, ina hango gindin kofin tar.