Ƙannena, kar ku koyi jimlolin if ta hanyar da na bi

Ku da kuke shirin WAEC da NECO da JAMB, da ku da kuka gama kuna ta faman rubuta takardar neman aiki, maganar jimlolin sharaɗi na Turanci nake so mu yi, waɗannan masu if ɗin nan, don wallahi sun daɗe suna ba ni wahala kuma sai daga baya na gane hanyar da na ɗauko ce tun farko ba mai ɓullewa ba.

Hadda na yi kawai. An zana mana tebur a allo, nau'i na ɗaya present da will, na biyu past da would, na uku had da would have, na kwafe na haddace, jarabawa ta zo na cike gurbi na wuce. To amma cike gurbi daban, rubutu da kanka daban. Ranar da na zauna rubuta wasiƙar neman aiki ba A B C D a gabana, abin da ya fito daga alƙalamina shi ne "If I got the job, I will work hard", kuma ni a raina na zuba Turanci. Wata yayata mai koyarwa ce ta duba min kafin in tura, ta ce ai kai da bakinka ka gaya musu ba ka sa ran samun aikin, sannan rabin jimlar na gaba ya ƙaryata na baya. Abin ya dame ni sosai don ban ma san akwai matsala ba.

Ga inda abin yake. Mu a Hausa cewa muke idan na samu aikin zan dage, kun ga wannan "na samu" ɗin siffarsa ta abin da ya riga ya faru ce alhali gobe ake nufi, shi ya sa hannu yake saurin kai wa got. Shi kuwa Bature in abu mai yiwuwa ne yana gaba, present yake sawa bayan if, "If I get the job, I will work hard". In kuka ji ya koma past bayan if a irin wannan magana to ba jiya yake nufi ba fa, nesanta abin yake da gaskiya, wato yana cewa da wuya ko ma babu. Wannan ɗin shi ne abin da teburin bai taɓa gaya min ba, kuma da na riƙe shi sauran duk suka zo da sauƙi.

Saboda haka kafin ku rubuta komai ku tambayi kanku da Hausa, wannan maganar ta idan ce ko ta da? Harshenmu ya riga ya raba mana su tun muna yara, ba yaron da zai ce idan na sani da ban je ba. In ta idan ce, present bayan if, sai will ko umarni a ɗaya ɓangaren, kuma dan Allah kar ku cusa will bayan if don kawai gobe ake magana, "If it will rain" ɗin nan da muke yawan yi kuskure ne, "If it rains" ake cewa. In kuwa ta da ce sai ku ƙara tambaya ɗaya, yanzu ne ko ya wuce? Don mu da ɗinmu ɗaya ce tana ɗaukar duka biyun, su kuma sun raba. Da ina da mota da na kai ka, halin da ake ciki ne yanzu, "If I had a car, I would take you". Da ka gaya min jiya da na zo, wannan ya wuce ba gyara, "If you had told me yesterday, I would have come".

A nan ma na daɗe ina wani kuskuren. Tunda Hausa da biyu take sawa, ɗaya a farko ɗaya a tsakiya, sai ni ma nake zuba would biyu, "If I would have known, I would have come". Za ku ji wasu ƴan Amurka suna faɗin haka a hira, amma a jarabawa mai maki zai soke, kuma a wasiƙar aiki ba ya kyau. Would ɓangaren sakamako take zama, ɓangaren if na had ne. Ku kula da I'd kuma, wani lokaci I had ne wani lokaci I would, abin da ya biyo baya ne zai nuna muku.

Sai wanda ya fi ba ni mamaki, ashe ana haɗa su. Sharaɗin ya wuce amma sakamakon yana tare da kai yau, "If I had studied medicine, I would be a doctor now", da na karanta likitanci da yanzu ni likita ne. Lokacin da na fara ganin irinsa a rubutu na ɗauka marubucin ne ya yi kuskure saboda babu shi a teburina, har gyara wa wani na taɓa yi alhali shi ne a kan daidai, kuma har yau abin yana min ciwo don na san na rikita shi.

"If I were you" kuwa ku riƙe shi yadda yake, da ni ne kai kenan, da shi ake ba da shawara cikin ladabi. A baki ana jin was, a takarda ku sa were. Unless kuma ta riga ta ɗauko korewa a cikinta, "Unless you pay" ya isa, in ba ka biya ba kenan, kar ku ƙara mata don't.

Akwai wani ɗan ƙarami da ba a cika sa shi a jarabawa ba amma a wurin aiki yana jawo magana. Idan ɗinmu tana cin if tana cin when. Idan na gama aikin zan turo, kai ka san za ka gama, lokaci kawai ake jira, to when ne. Ka rubuta wa oga "If I finish the work" shi abin da zai ji shi ne ƙila ka gama ƙila ba za ka gama ba, ni na sha tura irin wannan saƙon ina mamakin me ya sa ake sake kirana ana tambaya ko akwai matsala.

Hanyar da ta gyara ni ba wani littafi ba ne mai tsada. Na koma ina gina jimlolin da rayuwata, abin da nake sa rai gobe, abin da nake buri ba ni da shi, abin da ya wuce ni, in faɗe shi da Hausa in tantance idan ce ko da, sannan in rubuta in kai wa wanda ya fi ni ya duba, kar kunya ta hana ku wannan. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo kuma kuna da makaranta kyauta, ku dinga sauraren masu sharhi bayan an tashi wasa, bakinsu cike yake da "If he had passed the ball, they would have scored", ku rubuta a waya wanda kuka ji, in kun koma gida ku canza sunan ɗan wasan da abin da ya faru ku sake gina taku.