Na bar allurata saboda maganar wajen biki

A haihuwata ta bakwai jini ya ɓalle min, sai da aka ƙara min leda biyu. Likita ya ce wa Baban Ummi a gabana: "Malam, a tsaya haka nan, a ɗaure mahaifar." Ni kuwa da na ji an ce tiyata sai cikina ya ɗuri ruwa. Na roƙa a bar ni a kan allurar hana ɗaukar ciki ta wata uku tukuna.

A wajen wani biki a Tudun Wada wata ta ja ni gefe, wai akwai mai juya mahaifa a cikin gari, ba wuƙa ba ɗinki. Na je. Ta murza min mara da man zafi har na yi ƙwalla, ta ba ni ƙulli uku in jiƙa, ta karɓi dubu 15, ta ce ni da haihuwa har abada. Kuɗin ba su dame ni ba. Abin da nake cizon yatsa a kai shi ne ranar allura ta zagayo, katin yana cikin jakata, na ƙi zuwa. Wata bakwai sai ga ciki.

Da na koma awo ina sunkuyar da kai, nas ɗin ta ce: "Hajiya, mahaifa ba ƙwarya ba ce da za a kife ta." Ta zana min bututu biyun da ƙwai ke bi a bayan katina, ta ce in ba su aka toshe ba, ba a yi komai ba. Su ma Turawa sun gwada toshewa ba yanka. Akwai Essure, wata 'yar waya da ake zurawa cikin bututun. Amurka ta amince da ita a 2002, ƙarshen 2018 aka daina sayarwa saboda koken mata kan ciwo da zubar jini. Akwai ƙwayar quinacrine da ake sakawa a mahaifa, Indiya ta haramta ta tun 1998. Kuma ko mai Essure, sai ta ci gaba da wata hanyar har wata uku, hoto ya nuna ya toshe. Ni da ƙulli uku na yar da allura!

Aiki aka yi min aka ciro Auta, a nan aka ɗaure. Shekaranjiya ƙanwata ta kira tana tambayar kwatancen gidan matar nan. Na ce ta sa hijabinta ta same ni Ƙofar Doka, na kai ta asibiti aka sa mata ashanar hannu mai hana ɗaukar ciki ta shekara uku.