Ɗan kofin nan mai zaƙi da yaji na 'yan Meziko, da yadda nake haɗa nawa ba giya

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun walimar saukar yara da muka yi watan jiya mata suke ta turo min saƙo a WhatsApp, wai ɗan jan abin nan da na jera a ƙananan kofuna mai barkono a baki mene ne shi, ya ake yi, wata ma har kira na tayi sau biyu tana cewa maigidanta ne ya dame ta. To gashi yau na zauna zan rubuta gaba ɗaya, amma sai kun yi haƙuri da ni don dole in fara da inda na samo shi, saboda abin ba namu bane, kuma asalinsa da giya ake yi, gara in faɗa tun yanzu kar wata taje ta gani a intanet tace na ɓoye.

Shekara ta shida kenan a birnin Houston na Amurka, kuma tun zuwanmu maƙwabciyarmu ta hannun dama wata dattijuwa ce 'yar Meziko, asalinta jihar Halisko. Mama nake ce mata don a haife ta haife ni, kuma wallahi riƙon uwa tayi min lokacin da na haihu ba kowa nawa a kusa. Duk daren 15 ga Satumba gidanta cika yake da 'ya'ya da jikoki, don a daren ne suke tuna kiran da wani limamin coci mai suna Miguel Hidalgo yayi a garin Dolores a 1810, ya kaɗa ƙararrawa ya tara mutane su tashi kan mulkin Sifaniya, washegari 16 ga wata kuma ita ce ranar 'yancinsu. Ta san bana shan giya kuma bana zama inda ake sha, don haka ba ta taɓa matsa min in zo da dare ba, da rana nake shiga in taya su yanke-yanke, kafin magariba na dawo gida da kwanon abinci wanda ta dafa min daban ba naman alade.

A irin wannan shigar ne naga 'yarta ta jera wasu 'yan kofunan gilashi dogaye sirara a tire, sun kai talatin, caballito suke ce musu wato ɗan doki. Tana ɗaukar kowanne ta kifa bakinsa a wani jan abu mai kauri kamar zuma, sannan ta sake kifa shi a garin barkono, sai kaga bakin kofin yayi ja jawur gwanin sha'awa. Nace wannan fa? Tace na dare ne, za ta haɗa giyarsu mai suna tekila da wata giya mai zaƙi mai ɗanɗanon kankana da ɗigon miyar barkono, a girgiza da ƙanƙara a zuzzuba, kowa ya ɗaga nasa ya shanye a kurɓi ɗaya. Wai a nan Amurka sunan alawar Meziko suka sa masa, don ɗanɗanonsa irin na alawar kankana mai barkono da yaransu ke tsotsa ne.

Mama kuwa tsaki tayi, tace wannan shirmen yaran Amurka ne, a garinsu ba a yi wa tekila haka. Nan ta zauna ta bani labari, ni kuma ina yanka albasa ina ji. Tekila sunan gari ne a Halisko, bai fi tafiyar awa ɗaya da wani abu daga birnin Gwadalahara ba, kuma daga wani tsiro ake yin ta mai suna agave, mai ganye shuɗi-shuɗi dogaye masu tsini, wanda sai ya shekara shida bakwai har takwas a gona kafin ya isa sara. Masu saran, jimador ake ce musu, da wani ƙarfe mai faɗi mai doguwar ƙota suke datse ganyen kaf sai gindin ya rage kamar ƙatuwar abarba, shi yasa ma suke kiransa piña wato abarba, a gasa shi a matse ruwan a bari ya tsima sannan a tace ta hanyar tururi. Tun 1974 doka ta ce ba abin da za a kira tekila sai wanda aka yi a Halisko da wasu yankuna na wasu 'yan jihohi, kuma a 2006 UNESCO ta sa gonakin nan a jerin wuraren tarihi na duniya. Tace dattawansu kaɗan-kaɗan suke kurɓa, a gefe kuma akwai wani ɗan kofin daban mai suna sangrita, ma'ana ɗan jini, wanda shi ba giya ko ɗigo a ciki, ruwan lemo ne da lemon tsami da barkono da gishiri, wasu su sa rumman wasu tumatir.

Wannan maganar ta sangrita ita ta tsaya min a rai. Nace Mama ashe akwai wanda ba giya? Ta tashi da kanta ta wanke sabon kofi, ta dangwala masa jan abin nan da barkonon, ta zuba min ruwan kankana zalla da lemon tsami tace sha kiji.

Jama'a ina kurɓa sai naji kamar an ɗauke ni an ajiye ni a ƙofar makarantar firamarenmu a Kano, lokacin da muke sayen ɗanyen mangwaro mu dangwala a barkono da gishiri muna ci muna shan yaji hawaye na zuba amma ba ma dainawa. Zaƙi, tsami, gishiri, yaji, duk a lokaci ɗaya. Wallahi sai da idona ya ciko. A nan na gane abin da ke sa mutane son ɗan kofin nan ba giyar bace, wannan haɗin huɗun ne, kuma mu Hausawa da shi muka tashi, daga tsami gaye har lemon tsamiya mai citta.

Da na fara bin kayan ɗaya bayan ɗaya kuma sai mamaki ya ƙaru. Jan abin nan mai kauri chamoy ne sunansa, kuma Mama da zoɓo take yin nata, eh zoɓon da kuka sani, su jamaica suke ce masa kuma suna shan sa kamar yadda muke sha, sai dai basa sa citta da kanumfari kamar mu. Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon Najeriya, wanda ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina, ni kaina na taɓa juya leda a kantin 'yan Meziko naga an rubuta daga Najeriya aka kawo. Tsamiya ma haka, tamarindo, suna lemonta suna alawarta da barkono, akwai wata Pulparindo da yarana ke so kamar me. Suna da wani curarren sukarin rake mai ruwan ƙasa da suke kira piloncillo, na ɗanɗana nace wannan ai mazarƙwaila ce ba wani abu ba. Tsamiyar nan Turawan Sifaniya ne suka kai musu, mu kuma barkonon da muke taƙama da shi daga can nahiyarsu ya taso ya iso mana. Shi kuma garin bakin kofin Tajín ne, wani kamfani a Halisko ke yin sa tun 1985, kuma manyan kayan cikinsa su ne barkono mara zafi sosai da gishiri da busasshen lemon tsami.

To ga yadda nake yi, na kamar ƙananan kofuna 20.

Chamoy ɗin nake fara yi tun ana gobe. Busasshen zoɓo kofi 1, ki wanke shi sosai don ƙasa, tsamiya curi ɗaya madaidaici ki jiƙa a ruwan zafi ki murje ki tace, dabino guda 10 ki cire ƙwallon, mazarƙwaila kamar rabin kofi, busasshen barkono 4 ko 5, ruwa kofi 3. Su busasshen wani ɗan itace mai tsami suke sawa, ni dabino na zaɓa don shi ne kullum a gidana kuma yana bada kauri mai kyau. Ki ɗora duka a wuta kaɗan-kaɗan minti 20 zuwa 25 har furen zoɓon yayi laushi, in ya huce ki zuba a bilenda har da furen, kar ki zubar da shi don shi ne jikin abin, ki niƙa sosai ki matse lemon tsami 2 ki sa gishiri ƙaramin cokali 1. Kaurin da ake so shi ne in kin tsoma cokali ya manne masa ba ya zubowa da sauri, in ya tsinke ba zai riƙe barkono a bakin kofi ba sai dai ya dinga gangarowa yana ɓata tire.

Garin baki kuma in kina inda ake samun Tajín shikenan, in babu ki haɗa naki, garin barkono cokali 2, gishiri mai laushi cokali 1, sukari cokali 1, sai ki goge bayan lemon tsami 3 da abin goga kuɓewa, koren kawai banda farin don ɗaci, ki shanya ya ɗan sha iska ki gauraya. Don Allah kar ki sa yajin gida. Na taɓa gwadawa da yajin da aka aiko min daga Kano mai ƙuli da tafarnuwa da magi, ina ganin ai zai fi daɗi, sai ƙamshin tsire ya danne kankanar gaba ɗaya, dole na wanke kofunan na sake sabo. Barkono zalla ake so, kuma in naki mai zafi ne sosai ki cakuɗa da garin busasshen tattasai ya sassauta.

Ruwan ciki shi ne inda na fi daɗewa ina gwaji, saboda giyar da suke sawa tana da wani zafi da ke bin maƙogwaro in ji su, kuma in ba wani abu da ya tsaya a gurbin sai abin ya zama lemon kankana kawai a ƙaramin kofi. Ɗanyar citta ce ta warware min. Ki goge citta kamar tsawon babban yatsa biyu, ki zuba a tukunya da ruwa kofi 1 da sukari ko mazarƙwaila rabin kofi, ki jefa attaruhu guda ɗaya wanda kika tsaga kika cire 'ya'yan, ya tafasa minti 5 ki tsame attaruhun, cittar kuma ki barta har ruwan ya huce sannan ki tace. Kar ki manta attaruhun a ciki, ƙamshinsa ake nema da ɗan zafi, in ya daɗe ba mai iya sha. Sai ki niƙa kankana mai ja sosai ki tace ki samu kofi 3, ki zuba ruwan cittar nan rabi tukunna, ruwan lemon tsami 4, ruwan tsamiya mai kauri babban cokali 3, gishiri ɗan tsunkule. Ki ɗanɗana. Ya kamata zaƙin ya fara zuwa, tsami ya biyo, sai kin haɗiye sannan kiji zafi a wuya, in zafin ya riga zaƙi zuwa to ki ƙara kankana, in kuma salam kika ji ki ƙara ruwan citta.

A ranar za ki haɗa shi, ruwan kankana baya son kwana, yana rabuwa kuma ƙamshinsa na canzawa. Ki sa a firji yayi sanyi ƙarara, kar ki jefa ƙanƙara a ciki ta tsinka shi, kuma ki girgiza gorar kafin ki zuba. Kofunan ki dangwala su kamar minti 30 kafin baƙi su zo don su ɗan kama, sannan ki zuba a hankali da buta mai siririn baki don kar ruwan ya wanke barkonon. Ni ƙananan kofunan shayi na gilashi irin na mai ataya nake amfani da su, sun yi daidai kuma sun fi kwanta min a rai fiye da in sayo na giya.

Na san akwai wadda za ta ce ai wannan kwaikwayon mashaya ne, kuma ban raina maganar ba don ni ma sai da na juya ta a zuciyata kwana da kwanaki, har muka tattauna da Abban yara. Shi yasa bana kiransa da sunan giya, bana cewa a ɗaga kofi a haɗa, bayan an ci shinkafa da nama nake fito da shi kamar yadda ake fito da zoɓo, kowa ya ɗauka yayi bismillah ya sha a zaune. Wadda zuciyarta bata natsu ba ta zuba a babban kofi da ƙanƙara, daɗin bai ragu ba. Masu gyambon ciki kuma a yi musu nasu ba attaruhu ba barkono a baki, haka yara ƙanana, ni nasu sukari da ɗan chamoy kawai nake sawa.

Bara ranar 15 ga Satumba da la'asar na haɗa tire guda na kai gidan Mama, nace na jikoki ne da surukarta mai ciki, muka ajiye shi can kan wani tebur daban nesa da nasu don kar a rikita. Mama ta ɗauki ɗaya ta kurɓa kaɗan yadda tace dattawansu ke yi, tayi shiru, sannan tace me kika sa da yake bin wuya haka? Nace citta. Ta sa na maimaita mata kalmar har sau uku, washegari da safe sai gata a ƙofar gida da kofunana a wanke, da ledar jamaica a hannu, wai in koya mata zoɓo irin namu mai citta da kanumfari.