Wannan jan saƙon da ke cewa kwamfutarka ta kamu da bairos, ƙarya ne

Don Allah jama'a ku ja kunnen na gida, musamman yara masu shiga shafukan sauke fim da gem na kyauta. Kana cikin abinka sai allo ya cika da ja, ƙara na tashi, wai an gano bairos kaza, ga lambar waya ka kira yanzu-yanzu ko ka danna nan a goge maka. Wallahi damfara ce. Shafin intanet ba ya iya bincika cikin kwamfutarka, hoto ne kawai suka haɗa don su tsorata ka, kuma Microsoft ba ta saka lambar waya a saƙon gargaɗinta.

Kar ka taɓa komai a jikinsa, har ɗan X ɗin nan ma wani lokaci tarko ne. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, wato wurin da ke nuna manhajojin da ke aiki, ka kashe Chrome ɗin gaba ɗaya. In kuma saƙon yana ta leƙowa ta gefen allo, to wani ne ya danna Allow a wani shafi, ka shiga saitin sanarwa na Chrome ka cire shafin.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne masu kiran lambar. Sai su ce ka saka AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, su gyara maka, daga nan fa kwamfutar ta koma hannunsu, suna kallon komai. In hakan ta faru cire intanet nan take, goge manhajar, kira banki su toshe katinka, ka canza kalmomin sirri daga wata wayar daban. Sannan ka yi cikakken bincike da Microsoft Defender mai kama bairos, yana nan cikin Windows 10 da 11, ko sisi ba a biya.