Saƙon Godiya Bayan Baje Kolin Hotunan Tsibirin Lamu

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya kai ni tsibirin Lamu na ƙasar Kenya, Ya kuma dawo da ni Kano lafiya, ina miƙa godiyata ga duk wanda ya tako zuwa zauren gidanmu da ke Yakasai ranar Asabar da ta gabata domin ganin hotunan da na ɗauko.

Godiya ta farko ta mutanen Lamu ce, duk da cewa da Suwahili suke magana, kuma da wuya wannan saƙo ya kai gare su. Na sauka garinsu a watan Rabi'ul Awwal, lokacin da baƙi ke cika harabar Masallacin Riyadha, wanda Habib Saleh ya kafa, domin bikin Maulidi, kuma na ɗauki masu bege da mandiri, da tseren jakuna, da na jiragen katako waɗanda iska ke turawa. Amma hotunan da suka fi kwanta mini a rai su ne na ranakun da babu biki, a lungunan tsohon garin da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, inda mota ba ta shiga sai jaki, tamkar lungunanmu na cikin birni. Ba zan manta da masuncin da ya bar ni na zauna gefensa bayan sallar Asuba yana ɗinke komarsa ba, yatsunsa duk sun tsattsage saboda gishiri. Haka nan wata dattijuwa da ta ƙi yarda in ɗauke ta, sai ta nuna mini ƙofar gidanta mai sassaƙa ta ce in ɗauki wannan. Ina ganin ta yi daidai, kuma ita ma tana da kaso a godiyar nan.

A kan hanyar dawowa, tsakanin Lamu da Manda inda filin jirgin sama yake, igiyar ruwa ta fantsamo cikin kwale-kwale ta jiƙa kyamarata, kuma ruwan gishiri ba ya barin kayan lantarki da rai. Ɗan'uwana mai gyara a kasuwar Farm Centre, wanda ya kwana biyu a kan memorin har ya ceto hotunan, sannan ya ƙi karɓar ko kwabo, Allah Ya yi wa sana'arka albarka.

Yaya, kai ka biya kuɗin wanke hotunan, Hajiya kuma ta ciyar da baƙi tun daga hantsi har magariba. Allah Ya saka muku da alheri, tare da samarin unguwa da suka share zaure suka rataye hotunan. Za a bar su a bango har ranar Juma'a saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, daga nan zan aika wa masuncin da nasa kamar yadda na yi masa alkawari.