Ciwon ƙodar da ba a san sanadinsa ba: yadda muka yi da Yaya

A Gashuwa da Jakusko da ƙauyukan bakin kogin Komadugu Yobe, da wuya ka samu zuri'ar da ciwon ƙoda bai taɓa ba. Yayana manomin shinkafa ne a fadama. Ba shi da ciwon suga, hawan jini ma sai daga baya ya bayyana. Abin ya fara da kasala da tashin zuciya da rashin cin abinci, aka yi ta maganin maleriya da taifot. Da aka yi gwajin jini, likita ya ce aikin ƙodarsa ya faɗi ƙasa da 15 a eGFR, ma'aunin yadda ƙoda ke tace jini, wato ciwon ya kai mataki na biyar, na ƙarshe. Hoton ciki kuma ya nuna ƙodojin biyu sun motse.

Na ce, "Likita, me ya jawo masa?" Ya ce ƙodar da ta riga ta motse, ko an tsakuro tsokarta an duba, tabo kawai za a gani, ga kuma haɗarin zubar jini. Ya ce ana ganin irin wannan a wurin masu yankan rake a Nikaraguwa da manoman shinkafa a Siri Lanka, ana zargin zafin rana da yawan ƙishirwa da maganin feshi da ruwan sha, amma har yanzu masana ba su tsaya a kan abu ɗaya ba. Sai ya ƙara da maganar da ta fi yi mana amfani: a wannan matakin, ko an san sanadi ko ba a sani ba, hanyoyin da suka rage duk ɗaya ne.

A gida kuwa, da aka ji likita bai faɗi dalili ba, kowa ya zama likita. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya kawo jiƙo a jarka. Addu'a mun riƙe ta hannu bibbiyu, amma jiƙon na hana, duk da Inna ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Ƙodar da ba ta tacewa, duk abin da aka ɗura mata a jini yake zama. Haka aka raba shi da ƙwayoyin gajiya irin su diclofenac da ibuprofen da manoma ke haɗiya bayan an tashi aiki, aka rage gishiri da ɗanɗano, aka cire kanwa. Dabino da ayaba ma aka taƙaita, saboda sinadarin potasiyam da ke taruwa har ya tsayar da zuciya.

Wankin ƙoda muka fara, don lokacin numfashi ya fara yi masa wuya. Roba aka sa masa a wuya, kuma robar nan ƙofar ƙwayoyin cuta ce. Ta jawo masa zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da shi. Abin da ya fi shi ne a haɗa jijiyoyi a hannu, abin da ake kira fistula, sai dai tana ɗaukar makonni shida zuwa takwas ko fiye kafin ta nuna. Duk wanda aka ce masa ƙodarsa ta kusa tsayawa, ya nemi a yi masa ita tun yana kan ƙafafunsa, kuma ya hana a riƙa huda jijiyar wannan hannun.

Ƙa'idar wanki sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama. A layi na ga masu zuwa sau ɗaya, na ga masu zuwa sai jiki ya kumbura, ba don ba su san ƙa'idar ba. Gwamnatin Yobe ta mayar da wankin kyauta a asibitin koyarwa na Damaturu, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗinsa daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, har da na Maiduguri. Taimako ne babba. Amma kuɗin mota da masauki da allurar ƙara jini ta erythropoietin duk suna wuyan iyali, ga majinyaci ya daina nema, mai jinya ma haka. Likita ya gargaɗe mu da yawan ƙarin jini idan muna da niyyar dashe, domin yana sa jiki ya tanadi abin da zai yaƙi sabuwar ƙoda.

Akwai wankin da ake yi ta ciki a gida, ana zuba ruwa ana fitarwa. Ruwan daga waje ake shigo da shi, samunsa wuya, don haka ba mu daɗe a kansa ba. Akwai kuma kula ba tare da wanki ba, a ba da magungunan rage kumburi da ƙaiƙayi da amai. Wani dattijo da ke gado kusa da namu, mai ciwon zuciya, haka 'ya'yansa suka zaɓa da yardarsa suka koma gida. Mutane sun yi ta surutu. Ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Yaya bai kai hamsin ba, saboda haka muka fuskanci dashe. Asibitin Malam Aminu Kano na yinsa tun 2002, ba lallai sai an je Indiya ko Masar ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, don haka masu raɗa maka cewa suna da mai sayarwa, ka guje su. Jinina ya dace da nasa. Da na gaya masa, sai ya kau da kai.

"Ba zan karɓa ba. Kana da yara ƙanana."

"Yaya, naka yaran fa? Ni zan riƙe su har da nawa?"

Inna ce ta raba gardamar. Ni kuma aka yi mini bincike fiye da yadda na zata, tunda rijiya ɗaya muka sha muka girma, fadama ɗaya muka yi wa aiki. An maimaita gwajin jini da na fitsari, an ɗauki hoto, kafin likitoci su yarda cewa abin da ya ci tasa bai fara cin tawa ba.

Gona muka sayar, dangi da abokan arziki suka cika. Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne bayan aikin. Magungunan hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, tacrolimus da mycophenolate da prednisolone, kullum ne har ƙarshen rayuwa, a kan lokaci, ga gwajin jini a kai a kai. Wanda ya daina sha don kuɗi sun yanke, jikinsa zai ƙi ƙodar, ya koma layin wanki. Shi ya sa kafin a shiga da mu ɗakin tiyata muka zauna da 'yan uwa aka raba wa kowa abin da zai riƙa kawowa duk wata.

Yanzu Yaya yana tsaron shago a kasuwa, an hana shi aikin fadama da tsakar rana. Ni ina aikina da ƙoda ɗaya, ina zuwa awo duk shekara. Bayan an sallame mu na tattara manyan gidanmu aka yi musu gwajin jini na creatinine, mai nuna aikin ƙoda, da na fitsari. An samu wani ɗan baffanmu a mataki na uku, ba ya jin ciwon komai, kuma ya riga ya fara ganin likitan ƙoda.